Kabad ɗin Yaya Sale

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Sale kafinta, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin ba yadda zan faɗi gaskiya game da shi ba tare da na bi ta kan wata wauta tawa ba. Bana dai na ga furfurata ta isa ɗaukar kunyar.

Yaya bai wuce aji huɗu na firamare ba, ni kuwa na shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli, amma ya fi ni rowar maki nesa ba kusa ba. Idan aka kawo masa katako shagonsa a Ikara, sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya saurara, ya ɗaga gefe guda ya ji nauyi, sannan ya duba bakin yankan. Rabin abin da ake kawowa faɗuwa yake yi. Ƙusa kuwa ba ya buga ta sai inda ba makawa. Rami yake fafewa a jikin wannan katako, ya sassaƙa bakin wancan ya shige ciki daram. Saboda haka jinkirinsa ya yi suna. Wata Hajiya da ta gaji da sintiri ta taɓa ce masa, "Sale, gadon nan fa na auren 'yata ne, ba na jikata ba." Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ai duk su biyun za su kwana a kai, Hajiya."

Shekarar da aka ba ni shugabancin makaranta ya leƙo ɗakina, ya tarar da littattafaina jibge a kwalaye. Ya ce, "Hedimasta, ashe ilimin naka a kwalin sabulu yake kwana?" Sau uku ya je kasuwar katako a Zariya kafin ya samo mansoniyar da ta kwanta masa, wato katakon kurmi mai duhu kamar mazarƙwailar da ta ji wuta, irin wanda Turawa ke kwatantawa da walnat ɗinsu. Wata bakwai ya yi yana aikin. Ya fito da kabad dogo mai ƙofa biyu, da zayyana irin ta fuskar tsofaffin zaure, ba fenti, mai kawai ya shafa masa. Ƙarti huɗu ne suka shigar da shi, suna nishi.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa 'ya'yana suka tashi gyaran falo. Babbar 'yata ta dubi kabad ɗin ta ce, "Baba, wannan abu sai ka ce ofishin En'e." Ba zan ɗora musu laifi ba. Ni na amince, kuma ba a daɗe ana lallashina ba. Dillali ya zo ya ɗauke shi, aka kawo wani fari mai ƙyalli da madubi. Ina tsaye aka ɗora na Yaya a a-kori-kura, har da ba da shawarar inda za a ɗaura igiya.

Sabon ya yi damina ɗaya lafiya. A ta biyu gindinsa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, katakon tsakiya ya rusuna wa ƙamus ɗina. Da ya ɓare na leƙa ciki, sai ga garin katako da gam, an lulluɓe da leda mai zanen itace.

Daga nan na shiga neman na gaske. Na zaga shagunan Zariya da Kaduna, na taka har Kano. Ko'ina maganar ɗaya ce: "Alhaji, zallar katako ne, daga waje ya zo." Sai in ƙwanƙwasa in ji ya amsa kamar kwali. In bi zanen itacen da yatsa, yana kaiwa gefe sai ya yanke, alhali na gaske zanensa zagayawa yake yi har baya. Wani mai shago da ya gaji da ni ya ce, "Baba, irin wanda kake nema ba a kasuwa yake ba, a gidajen tsofaffi yake." Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai zagi kafintocin yau. Mansoniya ta yi wuya, mai iya jiran wata bakwai ya fi ta wuya. Mu masu saye, da ke son kaya kafin Juma'a, mu zai kalla, irin kallon nan nasa da ya fi faɗa ciwo.

A cikin wannan yawo na gane ba ma'ajin littafi nake nema ba. Gadajen da Yaya ya yi sun bi amare garuruwan da ban sani ba. Shagonsa ya zama wurin cajin waya. Abu ɗaya da hannunsa ya yi domina, ni na sa aka ɗaure shi da igiya. Na nemo dillalin da ƙyar. Ya ce wani ɗan kasuwa a Maƙarfi ya saya, shi kuma ɗan kasuwar ya ce ya daɗe da bai wa surukinsa, wani malami a Gazara.

Bara bayan girbi na je. Malamin, Malam Ilu, tsoho ne mai sanyin magana. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya shigar da ni ɗakin karatunsa. Tun idona bai saba da duhun ɗakin ba na gane kabad ɗin a lungu, ko gezau bai yi ba. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni, na ce zan musanya masa da duk irin wanda ya zaɓa.

Ya ce, "Ashe ɗan'uwanka ne ya yi shi. To ai ka fi ni haƙƙi, Malam." Ya miƙe ya buɗe ƙofar kabad ɗin, ya fara fito da littattafai yana jerawa a tabarma, rubutun hannun mahaifinsa da kakansa, kowanne a gafakarsa. Ya nuna mini wani da rabinsa ya zama ƙasa. "Wannan kafin zuwansa ne. Akwati uku gara ta cinye mini. Shi kuwa ta hau ta sauka."

Na dubi bango, ga hanyoyin gara nan har rufi. Na kuma san abin da zan iya kawo masa a madadi, tunda na ƙwanƙwasa su duka.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a mayar da su."

"A'a, kada ka ji nauyina."

"Ba nauyinka nake ji ba, na wanda ya yi shi nake ji."

Sai ya ce shekara biyar ke nan yana yi wa mai wannan aiki addu'a, yana cewa bawan Allahn nan, don bai san sunansa ba. "Yaya sunansa?" Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu kamar mai hadda.

Yaya bai bar allon shago ba, bai bar magaji a sana'a ba, hotonsa ma guda ɗaya gare mu. Abin da ya rage nasa yana tsaye a wani ɗaki a Gazara yana tsare rubutun mutanen da bai taɓa sani ba, kuma na yarda can ya fi dacewa da shi. Yarda dai ba ta rage kewa. Duk bayan 'yan watanni nakan hau mota in tafi, da sunan gaida Malam. Shi ma ya gane. Da mun gama gaisawa sai ya buɗe ƙofar kabad ɗin, ya ɗauki buta ya ce bari ya yi alwala, ya kuma daɗe bai dawo ba.