Kwalbar da Ba Ta Isa Roni Ba

Ina tsaye a gindin inabi da bahon wanki a hannuna, na riga na juye rabin ruwan, sai na ji sallamar maƙwabciyata a bayana. Ba ta saba shigowa da hantsi ba, lokacin tana kan keken ɗinkinta. Ta dubi kumfar omo da ta kewaye saiwar, ta dube ni, sannan ta ce in ajiye bahon in zauna. An kira mijinta a waya daga hanyar Roni. Malam, maigidana, ya tsayar da babur ɗinsa a gefen titi, ya jingine shi da kyau, ya zauna a gindin wata bishiya, bai ƙara tashi ba.

Na yi salati. Amma kafin hawaye ya zo, ƙafata ta turo ƙasa ta rufe kumfar. Wannan ma ta gani.

Inabin nan Malam ya dasa shi shekarar da ya ajiye aikin koyarwa. Wani abokinsa na Roni, tsohon malamin gona, shi ya ba shi reshe guda. Gidanmu a Kazaure gindin dutse yake, in ka haƙa taƙi ɗaya sai ka ci karo da tsakuwa. Da diga ya fasa ramin, ya riƙa ɗauko ƙasar fadama a buhu a bayan babur, ya kafa rumfa da azara da waya. Sai da ya shekara uku kafin ya yi 'ya'ya, ƙanana, masu tsami. Ya raba wa maƙwabta a faranti kamar naman layya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, an gode, amma an manta da sukarin." Ya yi dariya, ya ce baɗi zai fi.

Doka ɗaya ya kafa mini a kansa, kada ruwan wanki ya taɓa gindinsa. Ya ce sabulu yana ƙone saiwa. To rariyar gidanmu a ƙofar maƙwabciyata take fita, ta yi taɓo, har mun taɓa 'yar magana a kan haka sau biyu. Ɗaukar bahon zuwa can bayan gidan kuma, ciwon bayana ba ya bari. Na ce a raina ruwa ai ruwa ne, ga rani. Duk ranar da ya fita, sai in juye a nan in rufe da ƙasa. Rani biyu ina yi.

A shekarar da ya rasu, bayan girbin kaka, ya datse rassan kamar yadda ya saba, sabon ganye ya fito, sai ya fara ƙonewa daga baki. Gefen ya yi rawaya, ya bushe, ya naɗe. Malam ya riƙa juya ganyen ɗaya bayan ɗaya da tabarau a hanci. A bayan ganyen ya sami wani ɗan ƙwaro kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana tafiya a kaikaice, in ka kai hannu ya yi tsalle ya ɓace. Bai san sunansa ba, ɗan tsalle yake ce masa. Ya sami wata ƙaramar kwalbar magani ya wanke, ya zuba sifirit irin na kemis, ya yi kwana huɗu yana kamu. Ya ce zai kai wa abokinsa ya duba.

Da zai fita ran nan, yana ɗaura hular kwano, ya ce da ni, "In na dawo za mu san mai laifi." Bai kalle ni ba da ya faɗa. Har yau ina juya maganar. Wani lokacin in ji ƙwaron kawai yake nufi. Wani lokacin in tuna mutum ne da ya shekara talatin yana gane yaron da ya yi ɓarna a aji tun kafin ya tambaya. Duk da haka, yana fita na ɗauko baho.

Bayan an kai shi, aka kawo mini abin da aka samu a jikinsa cikin leda: hula, agogo, waya, carbi, da kwalbar. Na sa ta a ƙasan akwati.

Yayarsa ta zo daga Babura ta zauna da ni farkon takaba. Mace ce da ba ta ganin abu ta ƙyale. Kwana uku tana alwala a gindin inabin, ran na huɗu ta miƙe ta zagaya shi. Ta lura ƙunar ta fi yawa ta wajen katanga, inda reshe ya haura gidan maƙwabta. Ta leƙa, ta ga famfon feshin maganin ciyawa na mijin maƙwabciyata a rataye jikin bango. Shi ke nan ta gama shari'a. Ta ce ganyen yana zubar musu a tsakar gida, sun gaji da shara, sun fesa masa. Na ce Malam ya ce ƙwaro ne. Ta ce Malam ko ɓarawo ya kama a ɗaki sai ya ce ɓatan kai ya yi.

Ni ma na san ta wajen katangar nake tsayawa in juye ruwa, don daga nan ba a hango ni in an shigo zaure. Ban faɗa ba.

Maƙwabciyata kullum da safe sai ta shigo da kunu da ƙosai, ta zauna gefen tabarma, ta yi mini gaisuwa. Ni kuwa bakinta nake kallo. In ta ce bana ruwa yana wuya, sai in ce da ni take. In ta ce ta ga rariyarmu ta bushe, sai in ce ga shi nan ta fara. In ta dubi wajen inabin, sai in bi idonta in ga ko ƙasan take kallo ko ganyen. Shekara ashirin da 'yan kai muna tare da matar nan, ita ta yi mini zaman jego har sau biyu, amma a kwanakin nan na riƙa lissafa mata nufi a kowace kalma. Na ce ajiye shi take yi, sai ranar da ta ga dama.

Wata safiya tana fita Yaya ta ɗauki kunun ta juye wa kaji. Sannan ta je jikin katanga tana shanya, ta ɗaga murya kamar da ni take.

"Wasu ba su iya jira mutum ya mutu ba sai da suka fara kashe masa itace. Yanzu kuma ga kunu."

Na ce, "Yaya, don Allah."

"Ke yi shiru, ba ki san mutane ba."

Keken ɗinki da ke ƙara a can ya tsaya. Na jira. Na tabbata yanzu za ta leƙo ta faɗi abin da ta gani, kuma da ta faɗa ba ni da bakin musu. Ba ta leƙo ba. Can an jima keken ya ci gaba. Daga ranar ba ta sake shigowa ba. Kunun dai bai yanke ba, sai in tashi in same shi a kan katanga an rufe da faifai. Shirun nata ya fi maganar tsorata ni.

Bayan sadakar arba'in Yaya ta koma gida. A makon ne abokin Malam ya zo daga Roni. Ya zauna a zaure, ni ina daga ciki bayan labule. Bayan gaisuwa ya ce marigayi ya kira shi da safen nan ya ce yana tafe da saƙo, ya kwana biyu yana son ya tambaya bai ga lokacin ya yi ba. Na ɗauko kwalbar na turo ta ƙarƙashin labule. Ya nemi farin faranti, na ba shi na tangaran. Ya juye, ya fito da wani ɗan gilashin ƙara girma da yake ratayawa a wuya, ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ya daɗe yana juya su da tsinken tsintsiya. Koren ya tafi, sifirit ya mai da su kamar ƙaiƙayi.

Na tambaye shi ko su ne suka ƙone ganyen. Ya ce yana iya yiwuwa. Ya ce irin ƙwarin nan dangi ne masu yawa, ido ba ya raba su. Akwai wanda yake tsotsar fatar ganye kawai, ya bar ɗigo-ɗigo fari, itace bai damu ba. Akwai kuma wanda yake huda jijiyar ganyen, shi ne yake sa baki ya ƙone ya naɗe. In na biyun ne, to magana ta ƙare. In na farkon ne, sai a nemi dalili a wani wuri.

"Wani wuri kamar ina, Alhaji?"

"Kamar ƙasa, Hajiya. Gishiri, ko kanwa, ko sabulu. Duk haka suke ƙone ganye."

Na ce feshin maganin ciyawa fa. Ya tashi ya nemi izini, na koma ɗaki, ya shiga ya duba. Da ya dawo ya ce wannan kam a cire shi. Feshi yana barin tabo inda ya sauka, ba ya bin gefen ganye a jere haka. Na ji maganar sarai. A ranar ya kamata in leƙa katanga in ba maƙwabciyata haƙuri.

Na ce to waɗanda ke cikin farantin wane iri ne. Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Mutumin nan, kwana huɗu yana farauta, mata kawai ya kamo." Sai na ji yana share hanci. Da ya dawo daidai ya bayyana mini. Macen tana da wani tsini a ƙarshen cikinta da take saka ƙwai a ganye, da shi ya gane su. Amma mata duk kamarsu ɗaya. Sai an sami namiji, a kai wa masu na'ura su buɗe ƙarshen jikinsa su duba, nan ne kawai bambancin yake. Ya ce yana da wanda ya sani a Zariya. In na kamo wasu, ya ware mazan ya aika.

Ya koya mini yadda ake yi. Bayan asuba, kafin rana ta ɗumama su, ba su da kuzari. A zura leda fara a ƙarƙashin reshe, a girgiza, a damƙe bakin. Ya bar mini gilashin nasa.

Takaba ba ta bari a fita, lokaci kuma ga shi nan. Na shiga kamun ƙwaro. Da farko ba na ganin komai sai ɗigo. A hankali na iya riƙe gilashin, na fara gane tsinin, na fara ware waɗanda ba su da shi. Ba su da yawa, don sanyi ya shigo sun ragu. Ina tsugune jikin katanga ina jin motsin maƙwabciyata a can, tana hura wuta, tana tari. Na san tana jin ƙarar ledar. Na riƙa tunanin me take zato nake yi. Wataƙila ta ɗauka shaida nake tarawa a kanta.

Inabin kuwa ya farfaɗo. Ganyen da ya fito daga baya lafiya lau. Na so in yi murna, sai na ga bai gaya mini komai ba. Ƙwarin sun ragu a daidai lokacin da na daina zuba ruwa. Tun ranar rasuwar ko ɗigo ban ƙara ba, ina ɗaukar bahon in kai bayan gida, bayan nawa ya yi ta ciwo. Abu biyu sun tsaya tare, ba ka iya cewa wanne ne.

Kafin in fita takaba na tara shida marasa tsini. Abokin Malam ya biyo wata Juma'a ya duba, ya ce biyar maza ne, ɗaya yaro ne bai gama girma ba. Ya miƙo hannu zai karɓi kwalbar. Na ce ya bari tukuna in ƙara. Ya ce biyar sun isa har sun yi yawa. Na ce ya dai bari. Bai matsa ba, ya ce duk ranar da na shirya in ba direban motar Roni.

Na yi ta tunanin abin da ya hana ni. In amsa ta zo cewa mai huda jijiya ne, zan ce ashe ba ni ba ce, kuma na san halina, sai in yi shiru har abada. In ta zo cewa ɗayan ne, to Malam ya yi makonninsa na ƙarshe yana juya ganye da tabarau, yana neman abin da ke cikin bahona. Ita kuma maƙwabciyata, ko wacce amsa ta zo, ba ta da hannu a ciki tun farko, kuma har yanzu a Babura ana cewa ita ce.

Inabin ya yi 'ya'ya ƙarshen sanyi, sun fi na bara zaƙi kamar yadda ya faɗa. Na tsinki nono biyu na sa a faranti na ɗora a kan katanga. Da yamma na sami farantin an wanke an kife, da ɗan sukari a ƙulle a leda a kai. Na daɗe ina juya ƙullin. Ban san ko tsohuwar tsokanar ce ba, ko wani abu take tuna mini.

Muna gaisawa yanzu in mun haɗu a hanya, gaisuwar mutanen unguwa. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Kwalbar tana kan taga da mazan biyar a ciki, sifirit ɗin yana raguwa ina ƙarawa. Ban ba direban Roni ba, ban kira Yaya ba, kuma ban shiga gidan maƙwabciyata na faɗa mata ba.