Katunan tsohuwar da ke samanmu

Shekarun baya, lokacin da na bi mijina Alƙahira yana karatu, mun zauna a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Abbasiya. Shekarar nan ce da wuta ta riƙa ɗaukewa kusan kullum. Shi yakan fita tun safe, ni kuwa in wuni daga ni sai tukunya, don Larabcina a lokacin bai wuce na sayen tumatir ba.

A samanmu akwai wata tsohuwa, malamar fiyano ce da ta daina koyarwa. Wata rana ta ji ni a matakala ina waya da ƙanwata, muna gauraya Hausa da Faransanci. Ta tsayar da ni, ta tambaya ko ina iya karanta rubutun hannu da Faransanci. Na ce a Maraɗi na yi makaranta, ina iyawa. Ta ce idanunta sun yi rauni, tana neman mai karanta mata. Mijina ya so ya hana da ya ji batun kiɗa, daga baya ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne, in je.

Tant, wato gwaggo, haka nake kiranta, ta nuna min kwalayen takalmi cike da ƙananan katuna. Wai akwai wani makaɗin Turai da ya daɗe da mutuwa, ya bar sonata masu yawa. Sonata kiɗan fiyano ne zalla, babu waƙa a ciki. Ya mutu bai faɗi wadda ya fara tsarawa da wadda ta biyo baya ba. Ita kuma tun tana budurwa ta ƙudura sai ta jera su, daga na ƙuruciyarsa har na tsufansa. Kowace sonata da katinta.

Kullum bayan Azahar sai in hau. In karanta kati, ta ɗan taɓa fiyano, sannan ta ce in matsar da wannan gaba ko baya. Ni duk ɗaya nake jin su, amma ina gyaɗa kai kamar wata masaniya. A wajenta na fara jin ni ma mutum ce a garin nan.

Da mijina ya sayo min waya mai intanet, ranar farko na rubuta sunan makaɗin. Sai ga jerin sonatocinsa gaba ɗaya, kowace da lambarta. Masana a Turai sun gama aikin tuntuni, don su sun ga wasiƙunsa da ainihin takardunsa. Wallahi murna na yi. Ko mayafi ban gyara ba na haye sama da gudu, ina ganin na kawo mata kyauta.

Ta saurare ni har na gama, ta ce, “Karanta min, ya binti,” wato ’yata.

Kwana uku muna kai. Inda jerinsu ya dace da nata, ta gyaɗa kai. Inda suka saɓa, ta tambayi dalili, in karanta mata. Rana ta uku muka iso kan wadda ta fi so. Ita ta sa a ƙarshe, don ta yi imani yana jin mutuwa a jikinsa ya tsara ta, kuma ba ta taɓa kaɗa ta ba tare da hawaye ba. Masanan sun ce ba ma tasa ba ce. Wani ɗalibinsa ne ya tsara ta, aka liƙa wa makaɗin bisa kuskure.

“Khalas, ya isa, rufe,” in ji ta. Can ta ƙara da cewa, “Ashe duk shekarun nan wani daban nake yi wa kuka.”

Daga ranar ba ta sake kirana ba. Ina kai mata abinci, ta karɓa ta yi godiya, amma ba a zancen katuna, kuma ban ƙara jin fiyanon ba. Sau ɗaya na roƙe ta ta yafe min. Ta ce ma'alish, ba komai, ai gaskiya na kawo mata, ba ƙarya ba.

Kafin sanyi ya shigo ɗanta ya zo daga Giza ya tafi da ita. Fiyanon aka sayar, kwalayen kuma mai sayen tarkace ya loda su a amalankensa. Ina taga ina kallo, ban iya sauka ba. Bayan mun dawo gida wata maƙwabciya ta aiko min cewa Tant ta rasu.

Na sha tambayar kaina ko da ɓoye mata ya fi. Har yau ban sani ba, wataƙila ma da ta ji daga wani bakin. Abin da ke cina shi ne gudun da na yi a matakalar nan. Wata da watanni ina zaune kusa da ita, ban taɓa lura da cewa aikin ne yake tayar da ita da safe ba. Na ɗauka so take ta gama shi.