Ranar da na zama tafinta tsakanin Inna da Baba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma akwai wata ranar Alhamis da na san ko a gadon mutuwa ba za ta fita daga raina ba. Lokacin yaƙin Turawa ne, ina yarinya, ban fi shekara bakwai ba.

Iyayena sun rabu a wannan shekarar. Ban san dalili ba, kuma ba don ban tambaya ba, domin ni yarinya ce mai tambayar tsiya. Baba ya zauna a gidanmu na unguwar Adjamé yana ci gaba da cinikin goro. Inna ta ɗauke ni muka haye ruwa zuwa unguwar Treichville, a ɗaya gefen birnin, gidan wata yayarta, ta kafa tandar waina kusa da masallaci.

Ana nan sai kawuna, yayan Baba, ya zo ya ce al'adar gida ita ce ɗa na uba ne, saboda haka zai tafi da ni garinsu Tawa wajen kakata. Tawa kuwa tafiya ce mai nisa, wanda ya je ba ya dawowa da wuri. Inna ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Kawu ya ce to za su haɗu a tiribinal, wato kotun Faransawa. Dattawan unguwa suka ce abin kunya ne a kai maganar gida gaban kumandan, Baturen mulki, alhali akwai malamai, sai aka tara kowa a zauren limami.

An ce in zauna a waje, amma na laɓe a bakin ƙofa, don na ƙosa in ji yadda littafin liman zai san wajen wa zan kwana. Liman ya saurari kowa, sannan ya ce reno haƙƙin uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, kuma ko ta yi, mahaifiyarta ce ke biye da ita. Ci da sutura da karatu kuwa suna wuyan uba.

Kawu ya fara faɗa, amma Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Allah gafarta malam, na ji. To ni fa? Shi ke nan sai in zama baƙo a wurin 'yata?"

Liman ya ce, "Ba wanda ya isa ya hana ka ganinta. Alhamis da Juma'a babu makaranta, sai ta riƙa zuwa wurinka."

Aka tashi a kan haka. Abin da ba a yanke ba shi ne wa zai kai ni. Inna ta ce ba za ta taka Adjamé ba, Baba ya ce ba zai shiga gidan yayarta ba. Sai aka ce su haɗu a kan gadar da ta haɗa unguwannin biyu.

Gadar wancan zamani a kan ruwa take shawagi, idan mota ta hau sai ka ji tana lilo a ƙarƙashin ƙafarka. Ranar Alhamis da hantsi muka isa, Inna riƙe da hannuna, ƙunshin kayana a kanta. Baba na tsaye ya jingina da ƙarfe. Ba su dubi juna ba.

Inna ta ce mini, "Gaya masa kar a ba ki abinci mai yaji, cikinki ba ya so."

Na juya na gaya masa, ko da yake ya ji.

Ya ce, "Gaya mata na sani."

"Gaya masa kitson nan sabo ne, kar a bari ki tsefe shi."

"Gaya mata ba ni da mai tsefewa."

Haka na yi ta juyi kamar tafintan kumandan, wuyana har ya gaji. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai, sai na tambaya da zuciya ɗaya, da ƙarfi kuma: "Inna, idan aka rabu, mutum ya daina jin Hausar ɗaya ne?"

Wata mai tallar kifi da ta tsaya gyara ganwonta, ashe tana jin Hausa, ta fashe da dariya. Baba ya kau da kai yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa. Inna ta rufe baki da mayafi. Can ta sauke ƙunshin, ta miƙa masa hannu da hannu, ta ce, "Tana zazzaɓi idan ta yi wasan ruwa. Ka sa ido."

Ya ce, "In sha Allah. Jibi da safe zan kawo ta har ƙofar gida, kar ki wahala."

Ba su koma aure ba, kuma na daina jiran hakan tun da wuri. Amma daga ranar ba su sake aika ni da magana ba. Na girma da gida biyu, ruwa a tsakani.

Abin da na koya shi ne, malami ko alƙali zai iya yanke wajen wa yaro zai kwana, amma ba zai iya sa iyaye su yi wa juna magana ba. Wannan aikinsu ne, kuma idan suka ƙi, a wuyan yaron kayan ke sauka.