Cinyar Ɗan Rago a Ƙasar Bask

A duk shekarun da na yi ina aikin dabbobi, ban taɓa mantawa da ranar da aka ajiye mini cinyar ɗan rago a faranti na kasa ɗaga hannu ba.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar da ni ina shef ɗin sabis na kiwo, wato shugaban ma'aikatar kiwo, a nan Gure. A lokacin ban kai nan ba, mataimaki nake, ni ne mai fita daji. Ga wanda bai san aikin ba, mu ke bin rugage da rijiyoyi daga Kelle har Bune muna yi wa dabbobi allurar rigakafi, mu duba nama kafin ya shiga kasuwa, in ciwo ya ɓulla a garke mu aika rahoto Damagaram. In bazara ta yi tsanani kuma, rabin aikinmu shi ne hana 'yan raguna mutuwa.

Wata ƙungiyar makiyayan tumaki ta ƙasar Bask, can kudancin Faransa, ta ƙulla zumunci da matan da ke yin cuku a nan. Suka gayyaci mutum biyu sitaj, wato zuwa koyon aiki: mace ɗaya daga cikin matan, da ma'aikaci ɗaya mai jin Faransanci. Matan suka zaɓi shugabarsu, Fanna, matata. Shef ɗinmu na lokacin ya kira ni ofis.

Ya ce, "Tunda matarka ce, kai za ka raka ta. Ita ta samu muharrami, mu mun samu tafinta. Amma ka kula, in mutanen nan suka ji daɗin ziyarar, za su aiko wa mata da kayan aiki. Kada ka dawo mini da abin kunya."

Cikin sanyi muka isa. Ɗan ƙaramin gari ne, kogi ya ratsa tsakiyarsa, gidaje farare masu jan taga, an rataye tattasai a jikin bango kamar carbi. Fanna ta tsaya kan gada ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Malam, duk ruwan nan wucewa yake yi? Ba mai tare shi?"

Mai masaukinmu wani dattijo ne, Peyo, mai baƙar hula shimfiɗaɗɗiya, hannunsa duk kanta irin na makiyayanmu. Matarsa Maite ita ke yin cukun gidan.

Ranar Lahadi ƙungiyar ta shirya mana liyafar rana a wani gida bakin kogi. Muna shiga Fanna ta mintsine ni. Maza ne a bakin murhu, tsofaffi masu furfura, suna yanka albasa suna waƙa, mata na zaune suna hira. Aka fara kawo ƙwai da aka soya da tattasai da tumatir, ta ce wannan kam ɗan gida ne. Sai aka kawo wani abu baƙi ƙirin, kamar an juye tawadar allo a kan shinkafa. Na tambaya, aka ce wata halittar teku ce da ake dafawa cikin baƙin ruwan jikinta.

Fanna ta ce a hankali, "Su ma rubutu suke sha?"

Ta dangwala da burodi ta ci, ta ce ba laifi. Na ce a raina mun tsallake.

Sai Peyo ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ya san ba ma cin alade, don haka ya sayo sabbin tukwane, ya je har babban gari ya ɗauko wani mahauci Bamaroke, Musulmi ɗan ƙasar Maroko, ya yi yankan da bisimilla. Ya ce abin da za a kawo yanzu shi ne mafi daraja a gidansa, ba kowane baƙo ake yi wa ba. Aka tafa.

Aka ajiye mana faranti. Cinya ce gasasshiya, tsawonta bai wuce tafin hannuna da yatsu ba, naman fari-fari.

Fanna ta ce, "Malam, kyanwa ce?"

Duba nama aikina ne. Na juya ƙashin da wuƙa, na ga gaɓar duk guringuntsi ce, ba ta ko haɗe ba. Ɗan rago ne jinjiri. Na tambayi Peyo kwanan dabbar nawa.

Ya ce, yana murmushi, "Wata ɗaya da 'yan kwanaki. Bai taɓa sa ciyawa a baki ba, nonon uwarsa kaɗai ya sani."

Ku gane, bazarar da ta wuce kafin tafiyar mun sha wuya. Tumaki sun mutu sun bar marayu, Fanna ta kwaso wasu ta sa a ɗakinmu, tana tsoma tsumma a madara tana matsa musu a baki. Wanda ya mutu a cikinsu sai da ta yi masa kuka.

Na gaya mata abin da yake. Ta ture farantin da bayan hannu.

"Gaya masa ba na cin jariri."

"Fanna, mutumin nan ya yi wahala saboda mu."

"Ka faɗa masa yadda na faɗa. Kada ka sa masa sukari."

Dokar tafinta ita ce ya kai magana yadda aka ba shi. Na kai. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar kogin ta taga. Fuskar Peyo ta yi ja har kunne, ya koma ya zauna. Na tuna da maganar shef, na tuna da matan da suka rako mu tasha. Sai na yanki naman, na yi bisimilla, na sa a baki. Abin da ya ƙara ruɗa ni, wallahi ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba, narkewa yake a harshe. Fanna ta dube ni kamar ta kama ni ina cin abinci da kura.

Maite ce ta katse shirun. Ta ce, "Ka gaya wa matarka ta zo gobe lokacin tatsa."

Da safe muka je. Tumaki masu baƙar fuska da murɗaɗɗen ƙaho sun jeru kan dandamali, inji na tatsarsu. Wasu a ciki sai kuka suke suna waigen wani ɗaki da ba kowa a cikinsa. Ba sai an gaya wa Fanna ba.

Ta ce, "Waɗannan ne uwayen."

Maite ta ce, "Su ne. Za su yi kwanaki suna kira. Tun ina amarya nake jin kukan nan, har yau ba na iya karin kumallo in ana yinsa. Amma nonon ɗaya ne, ko ɗan ya sha ko mu yi cuku. Ba mu da gero, ba mu da shanu. A cikin 'ya'yan, matan muna ajiye wasu, mazan mahauta ake kai su."

Ta kai mu wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin gida. Cuku ne jere kan katako, kowane ɗaya ya kai ƙwaryar fura, wai sai ya yi watanni kafin a taɓa shi. Namu kun san shi, falle ne siriri, a shanya kan tabarma rana ta busar. Fanna ta shafa ɗaya.

Peyo yana bayanmu, tun jiya bai yi mata magana ba. Sai ya ce, "Tambaye ta, ku yaya kuke yi da mazan?"

Fanna ta ce, "Kiwonsu muke. A ɗaure rago a tsakar gida, in ba shi dusa da harawa da hannuna. Yara su yi masa wanka da sabulu, su raɗa masa suna. Nawa na bara har rijiya yake bina. In layya ta zo ya cika ido, sai a yanka."

Na fassara. Peyo ya ce, "Wa ke yankawa?"

Na ce, "Maigida. Ni."

"Wanda ya san muryarka? A gaban yaran da suka yi masa wanka?"

Na ce haka ne.

Dattijon nan ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji, yana kallona da irin idon da Fanna ta kalle ni jiya. Ya ce, "Ni ba zan iya ba. Nawa ba na yarda in dube su sosai, mota ke zuwa ta kwashe. Ko na jiya, da Bamaroken ya fito da wuƙa, bayan gida na zagaya."

Fanna ta ce, "Me ya ce?" Na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Au, mu ne abin tsoron?"

Ba wanda ya yi dariya. Can Maite ta hau sama ta dawo da akushin katako, da nonon tumaki a ciki wanda ya kama kamar kindirmo. Wai da dutse mai zafi ake dafa shi, shi ya sa yake ƙanshin ƙauri. Fanna ta kai cokali baki, ta ce kamar nonon ƙwaryar da aka turara. Ta shanye, ta miƙa akushin a ƙara mata. Peyo da kansa ya ƙara.

Har muka baro garin ba ta ci ɗan rago ba, ba kuma wanda ya sake kawo mata. Kayan aikin sun iso bayan damina, matan na amfani da su har yau.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Za ku shiga ruga ku ga abin da zai tayar muku da tsigar jiki. Za ku ga mutum shanunsa na faɗuwa don yunwa ya ƙi sayar da ko ɗaya. Za ku ga wani ya ɓoye garkensa ranar allura. Hannunku zai yi saurin rubuta jahilci a rahoto. Kafin ku rubuta, ku zauna kan tabarmarsa ku tambaye shi dalili, ku kuma bari ya tambaye ku naku. Ni likitan dabbobi ne, na yi layya tun ina saurayi, ban taɓa sanin akwai abin firgita a cikin abin da nake yi ba sai da na ga wani makiyayi ya cire hula saboda ni.