Abin da Anti Labule Ta Rufe

Ban taɓa zaton shirya gida don a ɗauki jariri hoto sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita ba. A inda na yi karatu na sha ganin irin hotunan nan a bangon gidajen mutane, jariri ya naɗe cikin kwando yana sharar barci, nakan ce a raina dace kawai aka yi. Da na dawo na kama haya a hawa na biyu na wani bene, sai na tarar har akwai mai zuwa kafin mai hoto, kuma an fi shakkarta a kansa. Har yau ban gama yanke hukunci a kanta ba. Wani lokaci in ce muguwa ce, wani lokaci in ce muguntar wasu ake ba ta riƙo.

Anti Labule ake ce mata, don ko gaisuwa ba ta ƙarasawa take nufar taga. Gajeriya ce mai jiki, ta ba hamsin baya, kullum da allurai jere a bakin mayafinta. Da guga ta fara a wani shagon wanki. Daga nan ta koma shara da goge-goge a ɗakin haihuwa na wani asibiti, inda ta koyi riƙon jarirai da ido, tana jingine da tsintsiya. Mijinta direban babbar mota ne, ya tafi kai kaya wata shekara, ya ga wuri ya yi zamansa. Ita ta raini 'ya'yanta biyu. Wani mai hoto da ya gaji da shiga gidaje yana tarar da takalma da bokitai a inda zai kafa fitila shi ya fara jawo ta. Yanzu masu hoto da dama ba sa karɓar aikin jariri sai ta riga su shiga gidan.

Ƙofata tana kallon ta wasu ma'aurata. Mijin ma'aikacin banki ne, matar tana sayar da kayan kwalliya ta waya, kuma a kwanakin nan suka sami 'yar fari. Mahaifin matar yana zaune tare da su tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Da mai walda ne, hannunsa duk tabon ƙuna. Ciwon ya karkatar masa da baki, idonsa na hagu ba ya rufuwa sosai, in ya daɗe yana magana miyau yakan zubo, shi ya sa ba ya rabuwa da hankici. Ranar auren 'yarsa yana kwance a asibiti, babu shi a hoto ko ɗaya. Tun da ya ji za a kawo mai hoto gida, duk wanda ya gamu da shi a baranda sai ya tare shi.

"Wannan karon da ni," yake cewa. "Ni da amaryata." Haka yake kiran jikar.

Ya sa aka kira masa wanzami. Ya ba da babbar rigarsa aka wanke aka goge. Na gan shi da rana tsaka a gaban gilashin tagar baranda, yana tura gefen bakinsa sama da yatsa, ya saki, ya duba ko zai tsaya.

Ana gobe za a ɗauki hoton aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Anti Labule ce.

"Malama, an ce ke kaɗai ce, falonki fili. Ara mana shi zuwa gobe."

Kafin in amsa an fara shigo da kaya: wurin ajiye takalma, furannin roba, kalandar bango, keken motsa jiki da ya koma wurin shanya tawul. Na bi ta don in taya ɗauka, kuma gaskiya don in ga yadda take aikin.

Ta yaye labulen falonsu ta tsaya tana kallon inda haske ya sauka. Sai ta juyo kan mutanen gidan.

"Angon ƙarni, wannan rigar mai rubutu a ƙirji kar in gan ta gobe. Jaririya muka zo ɗauka, ba tallar 'yan ƙwallo ba. Fara za ka sa, ko ruwan madara. Agogon ma a cire, mun san kana da shi."

"To, Anti," in ji ma'aikacin banki, yana murmushin yaƙe.

"Maijego, miƙo hannu. Wannan farcen na shaho ne ko na uwa? A yanke. Kuma ki yi barci yau, idon nan naki kamar an yi miki duka."

"Anti, ai ba ta bari."

"Ba ruwan mai hoto da wannan. Gobe da safe kar ku bar ta ta runtsa. Ku yi ta tsokanarta, ku shafa mata ruwa a tafin ƙafa. Nono sai na ce a ba ta. A sassauta kunzugu tun da wuri, ba na son shaida a fatarta. Fanka a kashe, a rufe tagogi, ɗakin ya ɗau zafi har ku ji kun tsane ni. Tsirara za a ɗauke ta, in ta ji sanyi mun kaɗe."

Tana cikin haka idonta ya sauka a kan tsohon. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, sandarsa mai ƙafa huɗu a gefe, yana bin ta da kallo cike da jin daɗi.

"Wannan fa?" ta ce, da muryar da ta tambayi keken motsa jiki.

"Babana ne," in ji maijego.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Ni wace kala zan sa? Tawa shuɗiya ce."

Maijego ta ja Anti Labule zuwa kicin. Ina bakin ƙofa rungume da furannin roba, ba su ma damu da rage murya sosai ba.

"Anti, dangin mijina za a tura wa, da mutanen ofishinsu. Ni ma zan ɗora a shafina, masu sayen kayana duk za su gani. Kin dai gan shi. Ni bakina ba zai iya faɗa masa ba."

"Ai shi ya sa ake kirana," in ji Anti Labule.

Ta fito ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Baba, fitilar mai hoto tana da ƙarfi, ba ta jituwa da mai irin ciwonka. Gobe za ka zauna a falon Malama har a gama."

Tsohon ya yi dariya har sai da ya kai hankici baki. "Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina kallon wutar walda? Wace fitila ce za ta ba ni tsoro?"

"To bari in daina kewaye-kewaye. Hoton fararen kaya ne da fatar jariri. In ka shiga, fuskarka za a kalla, a manta da yarinyar. Ba don kai aka kira mai hoto ba."

Ma'aikacin banki ya tuna yana da kira, ya fita baranda da wayarsa. Tsohon ya juya kansa a hankali wajen 'yarsa, wadda ta duƙufa tana ninke rigunan jariri da an riga an ninke.

"Haka ne, mamana?"

"Baba, za a yi maka naka daban. In ka ƙara samun sauƙi."

Babu wanda bai san cewa sauƙin da zai samu ya riga ya same shi ba.

Washegari da hantsi mijin ya rako shi falona. Ya sa shuɗiyar rigar duk da haka, da hula, yana ƙamshin turare. Aka zaunar da shi tsakanin wurin takalma da keken motsa jiki. Na kawo masa shayi, ya ce a'a, kar ya ɗiga a riga.

Daga falona muna jin komai. Mai hoto ya zo, an ja kujeru, sai kuka. An hana yarinyar barci tun safe kamar yadda aka ce, ta wuce gajiya ta shiga fushi. An ba ta nono ta ƙi. Muka ji muryar uwar tana lallashi, muka ji ta uban, muka ji Anti Labule tana ba da umarni, kukan bai ko rage ba. Tsohon yana zaune yana murza hankici.

"A kafaɗa suke sa ta," ya ce. "Ita a nan take kwana." Ya nuna hannunsa da ya shanye, kwance a cinyarsa. "Ba ya motsi, shi ya sa take sonsa."

Can sai ga Anti Labule ta turo ƙofa, gumi har wuya.

"Baba, taso. Ana nemanka."

Ban taɓa ganin ya miƙe da sauri haka ba. Ya gyara zaman hularsa, ya goge baki sau biyu, ya ce in duba masa ko wuyan rigar ya zauna. Na riƙe shi muka tsallaka.

Falon ya yi zafi kamar gidan burodi. Babu komai a ciki sai fitilu biyu, farin ƙyalle a bango, da wata 'yar kujera marar jingina a ƙarƙashin taga. A kanta aka zaunar da shi. Anti Labule ta karɓi jaririyar daga hannun uwar ta kwantar a kan mataccen hannun. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya, ta yi lamo. Tsohon ya ɗago kai ya fuskanci kyamara, ya haɗe leɓɓansa iya ƙarfinsa.

"Cire masa hular," in ji mai hoto. "Za ta yi tudu."

Ban gane ba sai da na ga Anti Labule ta warware wani babban bargo mai gashi-gashi, ruwan madara. Ta ɗaga yarinyar kaɗan, ta zura bargon a ƙarƙashinta, ta ja shi sama ta kan ƙirjinsa, ta kan fuskarsa, ta sauke ta baya. Ta zaro allurai daga mayafinta ta kama shi a bayan wuyansa. Ta durƙusa ta cusa gefen a ƙarƙashin takalmansa.

"Baba, sunkuyar da kai. Ƙara. Yauwa. Kar ka yi tari."

Daga cikin bargon aka ce wani abu da ba a ji ba.

"Na'am, Baba, yanzu za a gama," ta ce, ba tare da ta saurara ba.

Mai hoto ya leƙa kyamararsa ya yi tsaki. "Anti, kujerar nan taki tana numfashi da ƙarfi."

Ma'aikacin banki ya fashe da dariya, ya dubi matarsa, ya haɗiye sauran.

"Baba, in na ce riƙe, ka riƙe numfashi," in ji Anti Labule. "Riƙe!"

Aka ɗauki yarinyar ita kaɗai, da fure a kai, da babu fure. Aka juya ta gefe, aka haɗa mata hannuwa a ƙarƙashin haɓa. Sannan aka kira iyayen suka durƙusa dama da hagu. Mai hoto ya ce su matso, su jingina. Maijego ta kwantar da kumatunta a kan tudun bargon, daidai kafaɗar mahaifinta, ta lumshe ido tana murmushi.

"Kyau!" in ji mai hoto. "Kar ki motsa, Hajiya. Riƙe, Baba!"

Daga inda nake tsaye na ga wani abu. Lafiyayyen hannunsa ya lallaɓo ta ƙarƙashin ninkin bargon, yatsa ɗaya ya fito, baƙi, mai tabo da fasasshen farce, ya tallafi dugadugin yarinyar. Na dubi fuskokinsu. Kowa hankalinsa yana kan fuskar jaririya. Na kau da idona daga wurin.

An daɗe. Da aka zare alluran aka yaye bargon, rigar ta jiƙe sharkaf, gaba da baya, gumi da miyau. Idonsa ya yi ja. Ya shaƙi iska ya lalubi hularsa.

"To," ya ce, "saura nawa."

Mai hoto ya riga ya fara naɗe wayoyin fitila. Jaririyar ta farka tana neman nono.

"Ta gaji, Baba," in ji 'yarsa, tana ɗauke ta daga cinyarsa.

"Haba Baba, kar ka cika son kai," in ji Anti Labule tana kakkaɓe bargo. "Yau wa ya kai ka shiga hoto? Babu guda ɗaya da ba ka ciki."

Ta ninke bargonta, ta sa a jaka, ta ce mini in sun huta za su zo su kwashe kayansu.

Bayan 'yan makonni aka kawo hoton cikin babban firam, aka rataye a falonsu. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau ƙwarai. Uwa da uba sun jingina da wata lallausar kujera, 'yarsu tana barci a tsakiya. Na matsa kusa na duba wajen ƙafar. Dugadugin yana nan, ja-ja, a kan gashin bargo, babu komai a ƙarƙashinsa. Tsohon kuwa ya daina fitowa baranda. An ce ya ce a juya masa kujerarsa ta kalli taga.

Na sake gamuwa da Anti Labule a matakala, tana haki da jakarta za ta hawa na uku, inda wata ta haifi tagwaye. Na karɓar mata jakar muka hau tare. A tsakiyar matakalar na tambaye ta abin da yake cina.

"Anti, akwai yatsan Baba a hoton nan, na gani da idona. Ke kika sa aka goge?"

Ta tsaya ta dafa bango tana mai da numfashi.

"Ni? Wallahi ban ma gan shi ba. Mai hoto bai gani ba, 'yar ba ta gani ba, har sun tura wa dangin miji a haka. Baba da kansa ya karɓi wayar ya yi ta duba, ya yi ta duba, har ya gano abinsa. Ya ɗaga murya yana kiran kowa, ku zo ku gani, ga ni nan, ga ni nan. Kafin la'asar 'yar ta kira mai hoto ya goge. Miƙo jakar, Malama, ana jirana."