Bindigogin Madobiya

Ni da taubashina, ɗan kawuna, a bakin kogin Kwara muka koyi riƙon zarto. Kawu masassaƙin jirage ne, kuma duk guntun katakon da ya rage a wurin aikinsa namu ne. Ya ba mu wani tsohon zarto mai giɓi da guduma, ƙusoshi kuwa tsofaffi muke tsinta mu miƙe su a kan dutse. Mun fara da kujera 'yar tsuguno, wadda Inna ta zauna a kai ta tashi da sauri don rawar da take yi. Daga nan muka yi akurkin kaji, muka yi motocin wasa. Taubashina ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ni dai in riƙe, in goge da samfefa.

Wata ranar kasuwar Bagudo muka baje kayanmu a gindin wata bishiya. Cikinsu akwai 'yar bindigar wasa da taubashina ya sassaƙa. Sai ga wani mutum ya tsayar da babur, fuskarsa rabi a cikin rawani. Bai dubi kujerun ba. Bindigar ya ɗauka, ya juya ta, ya kai ta saitin idonsa.

"Wa ya yi wannan?"

Hausarsa ba irin tamu ba ce, muryarsa kuma a ƙasa take, har sai ka matso. Taubashina ya ce shi ne.

"Allah ya yi maka hannu. Za ka iya babba, daidai ta manya?"

Ya tsuguna ya zana siffarta a ƙasa da tsinke. Da muka gama kallo, ya sa takalmi ya shafe.

Muka amince. Shi ya kawo icen da kansa, madobiya ɗanya daga dajin da ya haɗa mu da ƙasar Binin. Inda duk zarto ya bi ta kan ɓawon, sai wani jan ruwa ya tsattsafo kamar jini, ya manne a hannu. A wani kango bayan gidanmu muka yi aikin, muna ɗoki, don ba a taɓa ba mu aiki irin na manya ba. Da muka gama uku, muka shafe su da gawayi da baƙin mai kamar yadda ya ce, muka jingina su a bango. Ni na goge su da hannuna, amma da na ja da baya na dube su sai na ga kamar na gaske ne.

Inna ce ta leƙo neman akuyarta da hantsi. Ta saki ƙwaryar dusa, ta yi salati, ta juya da gudu. Ba a jima ba sai ga Kawu da gizago a kafaɗa.

Mun zaci duka. Bai taɓa mu ba. Ya ɗaga ɗaya, ya ji nauyinta, ya sa muka faɗa masa komai.

"Bindigar icce ba ta kashe kowa," in ji shi. "Amma wanda ya riƙa ta, shi ake halbewa. Kun tambaye shi ɗiyan wa za shi ba?"

Ya karɓi zarton, ya yanka su gunduwa-gunduwa, ya ce Inna ta hura wuta da su. Ranar ban iya cin tuwon da aka tuƙa da wutar ba.

Mutumin ya dawo ranar kasuwa ta gaba. Da bai gan mu ba, sai ya biyo har bakin ruwa. Yadda aka yi ya san wurin, ban sani ba. Muna zaune a cikin wani jirgi da ba a gama ba, Kawu ya tare shi.

"Malam, iccen ɗanye ne, ya tsage. Yara ne, ba su iya ba."

Mutumin ya yi murmushi. Bai tambayi icensa ba. Ya leƙa ta bayan Kawu, ya tsayar da ido a kan taubashina.

"Ba komai, Baba. Hannu ba ya tsagewa. In ya ƙara girma za mu gaisa."

Ya ba Kawu hannu, ya hau babur ya nufi hanyar iyaka. Kawu ya daɗe tsaye yana goge tafinsa a jikin riga.

Washegari da safe aka sa taubashina a jirgin 'yan kifi mai gangarawa Yawuri, wurin wani kafinta abokin Kawu. Bai yi kuka ba. Ya dai tambayi ubansa, "Baba, mi na yi?" Kawu ya ce, "Ba ka yi komi ba. Tahi."

Ni kuma aka raba ni da sassaƙa, aka mai da ni gona. Daminar da ta biyo baya, masu zuwa kasuwa daga ƙauyukan bakin daji suka fara magana ƙasa-ƙasa: an ga yara sa'anninmu a wani fili cikin dajin, ana jera su ana koya musu tafiya, kowa da baƙin abu a kafaɗa. Wani ya ce na gaske ne, wani ya ce na ice ne. Ashe an sami wanda ya sassaƙa. Kafin kaka, mahaifina ya bar gonarmu ta can da dawa a tsaye, ba mu koma girbi ba.

Taubashina yanzu kafinta ne mai shagon kansa, gadaje da ƙyamare yake yi. Yakan zo gida da salla, ya gaida kowa, amma bai taɓa yarda la'asar ta same shi a garin ba.