Sakin da Ƙwaya Ta Yi

Shekarun baya, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, aka kawo ni amarya daga Argungu zuwa Nasarawa a Birnin Kebbi. Rabin akwatina littattafan soyayya ne, ina jiran rayuwa ta bi su shafi-shafi. Ta kuwa soma bi. Mijina malamin makaranta ne mai sanyin hali, "tauraruwata" yake ce mini har in rufe fuska.

Sai ciwon kai, sai faɗuwa yana karkarwa. A asibiti a Sakkwato aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, aka ba shi ƙwayoyin hana farfaɗiya. Faɗuwar ta ragu, amma mutumin ya sauya. Yini yake barci, magana ta ɓace masa a tsakiya, ƙarar cokali ta sa shi tsawa. Ni kuwa sokuwa na ɗauka wata ce ta shiga zuciyarsa, don abin da littattafaina suka koya mini ke nan. Na yi ta ƙara turare.

Wata rana na tashe shi sallar la'asar. Ya zabura, idanu jajur, a gaban mahaifiyarsa ya ce, "Na sake ki, saki uku!" Ya koma ya kwanta. Da ya farka ya tarar ina kuka, ya ce, "Tauraruwata, wa ya taɓa ki?"

Likita ya ce maganin kan yi haka, zai sauya masa wani. Malamin unguwa ya ce in aka shaida ba ya cikin hayyacinsa, sakin bai faɗa ba. Mai shaida kuwa ɗaya ce, mahaifiyarsa.

Na durƙusa gabanta. "Inna, don Allah ki hwaɗi abin da kinka gani."

"In ce ɗana ya haukace? Ga ciwo, ga sunan hauka? Ƙannenai mata wa za ya aure su? Da hankalinai yay yi magana, ɗiyata. Ki yi haƙuri."

Na koma Argungu. An ce da aka sauya maganin natsuwarsa ta dawo, yana ta tambayar ina nake. Damina ba ta fita ba ya rasu.

Ƙwayar na daɗe da yafe mata, ita ta hana shi faɗuwa. Kalmar "hauka" ce aka fi tsoro da rabuwarmu. Na je gaisuwa na zauna cikin baƙi, aka miƙo mini ruwa a kofin da na zo da shi gidan. Takaba ma ban samu na yi masa ba.